Na sauke kilo 11, sun dawo har da riba: haɗama ce ke damuna?

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Tudun Wadan Zariya, shekarata 36, 'ya'yana huɗu, sana'ata ɗinki a cikin gida. Da ina budurwa siririya ce ni, har da aka sa ranar aurena ƙawaye suka kawo mini sha-ka-fashe na sha wata biyu don in ciko. Daga nan kowace haihuwa sai ta bar mini nata, har na kai kilo 97. Bara na ɗaura ɗamara: na daina karyawa, na daina cin abincin dare, ina shan wani shayin rage teɓa da na saya ta intanet. Cikin wata huɗu na sauke kilo 11. Amma Anti, tun daga lokacin ba abin da ke raina sai abinci. Ina kan keken ɗinki ina tunanin waina. Ƙarfe ɗayan dare sai in tashi in shiga kicin in cinye sauran tuwo a tsaye, in wanke kwanon don kar a gane. Yanzu kilo 100 nake. Ƙanwar mijina ta ce a gaban mutane haɗama ce kawai, maigida kuma ya ce ba ni da zuciya. Mahaifiyata tana fama da ciwon sukari, ina jin tsoro. Da gaske rashin zuciya ne? In koma wa shayin, ko in nemi allurar nan da ake ta magana a kanta?

Wata ƙanwarki daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Ba rashin zuciya ba ne, ba kuma haɗama ba ce. Macen da ta yi wata huɗu ba karin kumallo ba abincin dare, ga yara huɗu ga ɗinkin mutane a kanta, ta fi yawancin masu yi mata gori juriya. Abin da ya kayar da ke a cikin kanki yake, amma ba a ɓangaren da mutum ke yanke shawara ba. Zan ɗan tsawaita a kansa, domin in ba ki gane shi ba, abin da kika yi bara za ki sake yi, kuma inda kika tsaya bara nan za ki sake tsayawa.

Can ƙasan ƙwaƙwalwa, saitin bayan idanu, akwai wani ɗan yanki da likitoci ke kira haifotalamus. Nauyinsa kusan gram 4 ne kacal, amma shi ke lura da zafin jiki da ƙishirwa da barci da yunwa, har da yawan ƙarfin da jiki ke ƙonawa ko mutum yana kwance. Tun a 1940 wasu masu bincike biyu a Amurka, Hetherington da Ranson, suka nuna cewa in aka lalata wani gefensa a kan ɓera, ɓeran zai yi ta ci har ya yi teɓa. A 1951 aka gano in wani ɓangarensa daban aka lalata, ɓeran zai ƙi abinci yana gabansa har yunwa ta kashe shi. A cikin yankin nan akwai rukuni biyu na ƙwayoyin jijiya, ɗaya mai tayar da yunwa, ɗaya mai kwantar da ita. A 2011 masana suka samu hanyar tayar da rukunin yunwar kai tsaye a kan ɓeran da ya ƙoshi, cikin 'yan mintoci ya hau abinci ba ji ba gani. Halin ɓeran bai ɓaci ba, umarni ne ya zo masa daga sama.

Shi kuma wannan yanki saƙonni yake karɓa daga jiki. In ciki ya zama wayam, tumbi yakan saki wani sinadari, girelin, wanda aka gano a Japan a 1999, aikinsa ya ce a kawo abinci. In abinci ya isa hanji, hanjin yakan saki nasa sinadaran, daga cikinsu akwai GLP-1, su ce ya isa haka. Akwai kuma jijiyar da ke kai rahoton yadda tumbi ya buɗe. Amma babban saƙon da ya shafe ki daga kitse yake fitowa. A 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano cewa kitsen jiki da kansa yana sakin wani sinadari cikin jini, leftin, wanda ke sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke akwai.

Ki ɗauki kitse a matsayin rumbun gida, leftin kuma yaron da ke leƙawa kullum ya faɗa wa uwargida inda hatsi ya tsaya. In ya ce rumbu ya cika har ya batse, ba ta cika damuwa ba. Ranar da ya ce hatsi ya yi ƙasa kuwa, nan take za ta rage awo, ta tura kowa nema. Da kika sauke kilo 11 cikin wata huɗu, rahoton da ya isa ƙwaƙwalwarki ke nan. Ita ba ta san kin tsara hakan ba, ba ta bambanta shirin rage ƙiba da shekarar fari. Rage awon shi ne jikinki ya koma ƙona ƙarfi kaɗan, tura kowa nema kuma shi ne wainar da ke miki gizo a kan keke.

An ga ƙarfin wannan saƙo a jikin ɗan Adam a 1997, a Kambirij ta Ingila. Likitoci suka ci karo da yara biyu 'yan dangi ɗaya, asalinsu daga Pakistan, waɗanda aka haifa jikinsu ba ya yin leftin sam. Yarinyar shekararta 8 amma kilo 86 take, yaron shekara 2 kilo 29. Kullum cikin kukan yunwa suke, domin a wurin ƙwaƙwalwarsu babu ɗigon kitse a jikin. Da aka fara yi wa yarinyar allurar leftin, cin ya lafa, ta sauke kilo 16 cikin shekara. Ina tuna yaran nan duk lokacin da na ji an kira yaro mai ƙiba acici. Sai dai kar ki ce za ki nemi leftin. Irin wannan larura ba kasafai ake samunta ba, yawancin masu ƙiba leftin ɗinsu ma yawa gare shi, ƙwaƙwalwar ce ta saba da wannan yawan ta mai da shi ma'auni, tana kuma kare shi in ya sauka.

Abin da ya same ki an auna shi a jikin wasu kafin ke. A birnin Melbon na Ostireliya an sa mutum 50 masu ƙiba cin abinci ɗan ƙalilan na mako 10, suka sauke kimanin kilo 13 a matsakaici. Da aka sake auna jininsu bayan shekara guda, girelin yana nan sama da yadda yake kafin su fara, leftin yana ƙasa, kuma sun fi jin yunwa. An buga wannan a 2011. Shekara cur, ƙanwata, jiki bai haƙura ba. Tun a 1995 kuma aka nuna cewa wanda ya sauke kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, abin da jikinsa ke ƙonawa a rana yakan gaza na wanda dama can nauyinsa ke nan da kalori 300 zuwa 400 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Ko ribar da kika ce sun dawo da ita an san ta. Tsakanin 1944 da 1945, a Jami'ar Minisota, Ancel Keys ya rage wa samari 36 masu ƙoshin lafiya abinci zuwa kusan rabi har wata shida, suka zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Mazan nan suka koma ba su da hira sai ta abinci, suna tara littattafan girki, suna lashe faranti. Da aka sake su, wasu suka riƙa ci ba ƙoshi, kitsen da suka tara daga baya ya zarce wanda suka fara da shi. Ba mai ƙiba ko ɗaya a cikinsu tun farko. Yunwar ce ta mai da su haka.

Ita ƙanwar mijinki mai yiwuwa tukunya ɗaya kuke ci ba ta ƙara ko kilo, sai ta ɗauka kamun kanta ne. Gado yana da hannu sosai. Binciken da aka yi kan yaran riƙo a Denmak a 1986 ya nuna jikinsu ya fi bin na iyayen da suka haife su fiye da na waɗanda suka ciyar da su, kuma yawancin ƙwayoyin gadon da aka danganta da ƙiba a ƙwaƙwalwa suke aiki. Wani yana ƙoshi da malmala ɗaya, wani sai ya ci biyu saƙon ke isa. Wannan ba ya nufin ki naɗe hannu. Yana nufin ki daina auna kanki da ita.

Batun sha-ka-fashe, ba na jin wata biyun da kika sha shekaru da dama da suka wuce shi ke riƙe da nauyinki yau. Amma ki tuna yadda ya yi miki: ƙwaya ɗaya ta sa siririyar budurwa cin kwano biyu. In kin duba kwalayen irin waɗannan magunguna, yawanci za ki ga an rubuta cyproheptadine, maganin ƙaiƙayi da mura ne da ke toshe wasu saƙonnin ƙoshi a ƙwaƙwalwa, ko dexamethasone, wanda ke kumbura fuska, ya tara kitse a ciki, ya ɗaga sukari da hawan jini. Raina yana ɓaci in na ga yadda ake miƙa wa amare su da sunan gyara. In akwai wani haɗi da kike sha yanzu wanda ba ki san abin da ke cikinsa ba, ko man ƙarin haske da kike shafawa, ki faɗa wa likita, domin wasu mayukan suna ɗauke da dangin dexamethasone. Mai shan dexamethasone na tsawon lokaci kuma ba ya yanke shi rana ɗaya, akwai haɗari, sai likita ya riƙa rage masa. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku ma tana ƙara wa wasu mata nauyi. In ita kike yi kar ki daina da kanki, ki nemi a duba miki wata hanyar.

Shayin kuwa, kar ki koma masa. Yawancinsu filasko ne da masu sa fitsari, abin da ke fita ruwa ne da bayan gida, ba kitse ba, tare da gishirin jikin da zuciya ke buƙata. An sha kama wasu da aka cusa wa sibutramine a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Allurar da kike ji, irin su Ozempic da Wegovy, magani ce ta gaskiya. Kwaikwayon GLP-1 take yi, ta je ƙwaƙwalwa ta kwantar da yunwa, wanda shi kansa hujja ce a kan inda matsalar take. A babban gwajin da aka buga a 2021, masu yin ta sun sauke kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu cikin mako 68. Amma waɗanda aka bi bayan sun daina, kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka sauke ya dawo cikin shekara. Ga tsada, ga buƙatar firji, ga tashin zuciya, kuma ba a yi wa mai ciki ko mai neman ciki. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabunta. Ba abin kunya ba ne in likita ya ga ta dace da ke, amma daga hannun mai talla a waya, a'a.

To, me za ki yi? Ki fara da asibiti, ba da kicin ba. Da ciwon sukarin Mama da wannan nauyi, ya kamata a auna miki sukari da safe kafin ki ci komai, a auna hawan jini, in likita ya ga alama ya duba maƙoƙo. Asibitin da ke kusa da ke zai iya waɗannan, in da buƙata su tura ki asibitin koyarwa na Shika, inda akwai likitocin ciwon sukari da masana abinci. Tef ɗin awon da ke rataye a wuyanki ma kayan aiki ne: ki zagaya shi a cikinki daidai tsakanin ƙarshen haƙarƙari da ƙashin ƙugu, bayan kin saki numfashi. Ga mace, daga santimita 80 ake fara sa ido, 88 zuwa sama haɗarin ya ƙaru. Kitsen ciki shi ya fi kusa da sukari, don haka wannan awon ya fi sikeli faɗa miki gaskiya.

Sannan ki rage burin. Kilo 5 zuwa 7 nake so ki nufa, cikin wata shida ko fiye, ba jikin budurci ba. Na san zai yi miki kaɗan a ido. Amma a wani babban bincike a Amurka da aka buga a 2002, kan mutum fiye da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari, waɗanda aka sa su nufi sauke kashi 7 cikin 100 tare da tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Abin da kike tsoro ke nan, kuma ɗan wannan ragin ya isa ya nisanta ki da shi.

Gobe da safe ki karya. Wannan ne umarnina na farko a kicin, kuma na san shi zai fi ba ki tsoro. Ki karya da abin da ke zama a ciki: alala, ɗan wake, dafaffen ƙwai, awara, ƙosai in an tsane mai, da koko mai ɗan sukari kaɗan ko babu. Wake da ƙwai da kifi da nono su suka fi sa hanji ya aika saƙon ƙoshi, kuma su suka fi daɗewa. Shayi mai kauri da burodi kan sauka da wuri, kafin azahar hannu ya fara rawa. Da rana, ke Bazazzagiya ba sai an koya miki fate ba. Faten tsaki da aka cika wa rama da yakuwa da gauta, aka jefa wake, aka taƙaita manja, yana cika tumbi da ganye da ruwa, ƙwaƙwalwa ta samu rahoton cika ba tare da nauyi mai yawa ya shiga ba. Kwaɗon zogale ma haka. Da dare ki ci tuwonki a zaune tare da yara, malmala ɗaya, miya da yawa, a hankali, domin saƙon hanji yakan ɗauki mintoci kafin ya isa. Mai kuwa ki riƙa auna shi da cokali maimakon tuttulawa daga galan, babban cokali ɗaya kusan kalori 120 ne.

Inda za ki yanke ba tausayi shi ne zaƙin da ake sha. Kwalbar lemo mai rabin lita tana iya ɗaukar sukari gram 50, kusan ƙaramin cokali 12, kuma ƙwaƙwalwa ba ta lissafa abin sha yadda take lissafa abin tauna, za ki shanye ki ci abincinki daidai yadda kika saba. Zoɓo da kunun aya na saye in an zabga musu sukari duk tafiyar ɗaya ce. Haka taliyar leda da biskit da cincin. A 2019 an ajiye mutum 20 a wata cibiyar bincike a Amurka, mako biyu kan abincin masana'anta, mako biyu kan girkin da ba a sarrafa ba, aka ce kowa ya ci son ransa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa ƙara kusan kalori 500 a rana ba tare da sun yi niyya ba.

Hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito, na kaso uku, ɗaya abinci ɗaya abin sha ɗaya numfashi, ma'auni ne mai kyau a gaban kwano. Ki lura dai kaso ɗaya na abinci ne, ba a ce a bar shi wayam ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwaɗaitar da sahur, ya kuma hana sahabbai haɗa azumin kwanaki ba buɗa-baki. In kina azumin Litinin da Alhamis ki yi don Allah, ki yi sahur, kar ki mai da shi horo ga jikinki.

Yanzu tashin dare. Ruwa ba ya tsami banza: cikin da aka hana abinci safe da dare dole ya tashe ki. Ina kyautata zaton in kin dawo da cin sau uku, zai ragu da kansa cikin 'yan makonni. Amma akwai barci. Na san yadda ɗinki yake, wuta ta zo ƙarfe goman dare a ce bari a rage aiki, balle in Salla ta matso. A 2004 a Shikago aka taƙaita wa samari 12 barci zuwa awa 4 na dare biyu kacal, leftin ɗinsu ya sauka da kashi 18 cikin 100, girelin ya hau da kashi 28, kuma zaƙi da kayan fulawa suka fi sha'awa. Ki nemi awa bakwai, ko da zai sa ki mayar da wasu ɗinkunan. In maigida ya ce kina minshari mai ƙarfi har numfashi na ɗaukewa, wannan ma na likita ne. Sauran tuwon dare a rufe shi tun da wuri don ɗumame, ko a ba almajiri. In duk da haka yunwa ta tashe ki, kunna fitila, zauna, ki sha kindirmo ba sukari ko ki ci gyaɗa cikin tafin hannu, ki bar kwanon a wanke da safe. Ɓoyon ne ke ƙara wa abin ƙarfi. In kuwa ya zama kina cin mai yawa kina jin ba ki iya tsayawa, kuma yana maimaituwa duk mako, ki faɗa wa likita baki da baki. Larura ce da aka sani, ana kuma maganinta.

Tafiya ba ta cika sauke nauyi mai yawa ita kaɗai ba, amma tana rage sukarin jini, tana kuma taimaka wa abin da aka sauke kar ya dawo. Rabin awa, kwana biyar a mako. Raka yara Islamiyya a ƙafa ki dawo, ko zagayen tsakar gida bayan asuba, duk lissafi ne. A kan keke ma ki riƙa miƙewa kina ɗan takawa tsakanin riga da riga.

Maigida kuma, ki samu lokacin da hankalinsa yake kwance ki karanta masa wannan amsar, ki roƙe shi ya raka ki ranar gwaji. Maza da yawa sukan sauko in suka ji daga bakin likita. Ki nemi abu biyu takamaimai a wurinsa: ya daina shigowa da lemo da dare, kuma shi ya yi wa ƙanwarsa magana, domin nasa ne ba naki ba. Gori ba ya rage wa kowa ƙiba, sau da yawa ma ƙara tura mutum kicin yake a ɓoye. 'Ya'yanki kuma, tunda jinin ɗaya ne, ki sa ido kar a kira mai jiki a cikinsu da sunan banza, kar kuma a ɗura wa siririya komai don ta ciko.

Wajen wata na huɗu zuwa na shida sikeli zai tsaya, yunwa ta ɗan ƙaru. Zai faru, ki sa ran zuwansa. In ya zo kar ki sake zare karin kumallo, ki riƙe inda kika kai, ki koma wurin likita ku duba tare. Ranar zuwan farko ki tafi da kwalin shayin da duk wani magani ko haɗi da ke ɗakinki a leda ɗaya. In sakamakon gwajin ya fito ki rubuto mini. Allah Ya ba Mama lafiya, ki gaishe mini da yara.